Ƙafar Reza da Kwalbar Gidan Wanki

Akwai maganar da nake ji a unguwarmu tun da Reza ya daina fita aiki, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci. Wai dama ƙafar tasa ta daɗe tana kumbura, tsufa ne ya zo ya ƙarasa. Har manajan gidan wankin, wanda ya fi kowa sanin ƙarya ce, da kunnena na ji yana faɗa wa wani haka. Ni ina wurin aka yi abin, kuma saura ƙiris mutumin nan ya rasa ransa a gabana. Don haka zan rubuta shi yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Reza mai guga ne. Na san shi tun ina sabon akawu a ofishin jirgin ƙasa, zamanin da ba a shiga ofis da riga a yamutse. A makarantar mishan da na yi, kowace safiya jera mu ake yi a duba farce da kwalar riga, wanda kwalarsa ta lanƙwashe ya koma ɗaki ya gyara. Na fito da son tsabtar tufa, amma hannuna bai iya guga ba. Wani abokin aiki ya kwatanta mini gidan wankin da ke bayan kasuwa, ya ce in nemi siririn saurayin da ke tebur na ƙarshe. Ana ce masa Reza ne saboda karin wandon da yake fitarwa. Mutane kan ce in ya goge maka wando ka yi hankali wajen sawa, kada ka yanke yatsa.

Ɗakin gugar dogo ne, rufin kwano, tagoginsa can sama kusa da rufi. Tebura a jere, kowanne an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin ƙyalle a kai. Daga baya akwai wurin wanki da babbar tukunyar ruwan zafi, tururinta kullum yana shigowa ya haɗu da ƙamshin sitaci. Lokacin dutsen guga na gawayi ake amfani da shi. Sauran masu guga sukan lashi yatsa su taɓa gindin dutse su ji zafinsa. Reza kusa da kumatunsa yake kawo shi, ya ɗan yi shiru, ya san ko zafin kaki ne ko na riga mai laushi. Yakan yayyafa ruwa da yatsu, ya naɗe rigar ya ajiye ta sha, sannan ya fara da bayan kwala. In ya ga mutum a titi da wando mai kari biyu, kau da kai yake yi kamar ya ga tsiraici.

Yana da ƙa'ida guda da ya koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, cewa mai guga ba ya zama. Ya ce nauyin da ke kwantar da tufa daga ƙugu yake saukowa, wanda ya zauna shafa kawai yake yi. A tsaye yake cin abincin rana, a tsaye yake jin labarai a rediyo. Amininsa mai wanki, wanda ake kira Kumfa, ƙaton mutum mai hannuwa kamar faranti, yakan ce ranar da Reza ya mutu sai an haƙa masa rami a tsaye.

"Kai kuma a jiƙa ka a baho," in ji Reza, "ko ka fita sau ɗaya a rayuwarka."

Haka suke tun suna samari.

Bai daɗe da aure ba garwashi ya faɗo daga dutse ya ƙone shi a hannu. Bai kula ba, wurin ya yi ruwa ya fara wari. Ni na raka shi ƙaramin asibitin mishan, inda wata dattijuwar Sista mai tabarau ta wanke ciwon, ta yi masa allura, ta ce mu zauna a benci kada mu tafi tukuna. Ba mu gama gyara zama ba ya ce tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Na waiwaya na ga leɓensa ya yi suntum, fatar idonsa ta tashi har idon ya koma ɗan tsagi, wuyansa da ƙirjinsa sun yi rudu-rudu da borin jini. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani siririn fito ya fita maimakon murya. Na ƙwala kira. Sista ta fito a guje, ta kwantar da shi a ƙasa, ta soka masa wata allurar a cinya. Sannu a hankali numfashi ya dawo.

Da ya wartsake ta zaunar da mu ta yi bayani, irin bayanin mutanen da, wanda ba a gaggawa a cikinsa. Ta ce jikin mutum yana da masu gadi da ke kama cuta. Nasa masu gadin sun ɗauki wannan magani a matsayin ɓarawo, suka tashi hankalin jiki gaba ɗaya. Ƙananan hanyoyin jini suka saki, ruwa ya tsiyayo cikin nama, shi ne kumburin da muka gani, kuma da ya kai maƙogwaro sai ya nemi rufe hanyar iska.

"Sunan maganin penisilin," ta ce. "Faɗi in ji."

Ya faɗa.

"Duk inda za a yi maka allura, ka ambaci sunan nan kafin ka miƙa hannu. Ita kaɗai ce. Sauran ba ruwansu da kai."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, ya kuma sake kama. Aka ce jinin Reza ba ya shiri da allura, asibiti ta so kashe shi. Allura ta biyun da ta dawo masa da numfashi, ba wanda ya sake ambatonta. Matarsa, wadda yake kira Gwamnati saboda ba a ɗaukaka ƙara a hukuncinta, ta ga fuskarsa a kumbure ta yi rantsuwa cewa ƙarfe ba zai sake shiga jikin mijinta ba tana raye. Na gyara maganar nan har na gaji. In na fara sai a ce Akawu ya zo da bokonsa. Shi kuwa Reza dariya kawai yake yi ya ci gaba da gugarsa.

Shekaru suka tafi. Tsayuwa ta fara nuna kanta a jikinsa, kamar yadda take yi wa duk mai sana'ar. Da yamma idon sawunsa duka biyu sukan cika, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. In ya kwana ya ɗora ƙafafun a kan matashi, da safe sun sace. Gidan wankin yana da maganinsa na wannan, kuma tun kafin zuwan Reza ake yin sa. Akwai wata koriyar kwalba mai kauri, ta wani lemo da aka daina yi tuntuni. In rana ta take aka tsaya hutu, sai a cika ta da ruwan zafi daga tukunya, a toshe bakin, a naɗe ta da tsumma. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan ƙunshin zannuwan gado, ɗan'uwansa ya durƙusa ya murza masa ita daga agara zuwa bayan gwiwa, kamar mai murza ƙullun burodi. Ba zan zalunci kwalbar ba. Ga ƙafar da ta gaji, wadda ruwa ya kwanta mata don tsayuwa, tana kawo sauƙi. Tsohon mai gidan wankin ma, Allah ya jiƙansa, yakan tuɓe takalmi ya kwanta a yi masa.

Da tsohon ya rasu ɗansa ya karɓi wurin, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ya kawo dutsen lantarki da injin wanki, ya samo aikin otal-otal, ban ƙi masa wannan ba. Amma ya datse hutun rana har ya zama da ƙyar mutum ya haɗiye abinci, ya sa aka fitar da bencin da ke bakin ƙofa. Da aka yi gunaguni ya ce ai ba shi ya kafa dokar ba, Baba Reza ne ya ce mai guga ba ya zama. Abin da mutum ya faɗa don kyawun aiki, yaron nan ya ɗauka ya mayar bulala. Yana ce wa dattawan Baba, amma irin Baban da ake ce wa wanda ya tare hanya.

Sai autar Reza ta haihu a garin da take aure, can nesa. Manaja ya ba shi hutun da bai wuce na zuwa da juyowa ba. Reza ya shiga motar haya, ya sami kujerar baya, jaka a cinya, buhun wani a ƙarƙashin ƙafa. Ya ƙi shan ruwa don kada ya roƙi direba ya tsaya. Mutumin da bai san zama ba ya wuni a naɗe kamar laima, ya ga jikarsa, ya sake wuni a naɗe ya dawo, washegari ya koma tebur.

Bayan 'yan kwanaki na je karɓar kayana da safe. Ya miƙo mini su ba tare da ya ɗago ba. Na warware wandon, na sake dubawa.

"Reza, wannan wandona ne?"

"Naka ne mana, Akawu."

"Da kari biyu?"

Ya karɓa ya duba. Sai a lokacin na lura ya jingina ƙugunsa da tebur, ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da shi. Na zagaya. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har gwiwa domin ya matse shi, yatsunsa kawai ke cikin silifa. Daga gwiwa zuwa tafin sawu ƙafar ta kusa ninka 'yar'uwarta, fatar ta ɗaure tana sheƙi. Na ɗora bayan hannuna na ji zafi kamar gefen tukunya. Ta dama kuwa lafiyarta lau.

"Tun yaushe?"

"Tun da na dawo."

"In ka kwana tana sacewa?"

"Ta ƙi. Kuma nan baya, cikin tsokar, kamar an ɗaure da waya."

Na taɓa ganin irin ƙafar nan. Marigayiya mai ɗakina ta yi ta bayan wata haihuwa da ta kwantar da ita. Likitan da ya duba ta ya hana kowa tausa, har ya daka wa gwaggonta tsawa da ya gan ta da man zafi a hannu. Ya ce jini in yana tafiya ba ya daskarewa sai inda aka ji rauni, don ya toshe ciwo. Amma in ya daɗe kwance a jijiyar da ke can cikin tsoka, yakan yi guda ya tare hanya, shi ya sa ƙafa ɗaya ke kumbura ta yi zafi. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya je ya maƙale a huhu. An yi mata magani ta warke, muka yi shekaru masu yawa tare bayan haka.

Na gaya wa Reza wannan, na ce asibiti za mu yanzu. Ya ce Gwamnati ta riga ta je wurin mai kemis, an ba ta man shafawa da ƙwayar da ke sa fitsari. Na tambaya ko mai kemis ɗin ya ga ƙafar. Bai gani ba. An ce masa kumburi, ya miƙo abin da ke kusa da hannunsa. Wanda ko kallon ƙafa bai yi ba ya ba da maganin ƙafa, kuma har yau shagonsa a buɗe yake.

Kumfa ya leƙo daga wurin wanki, hannunsa duk sabulu.

"A'a, babban likita ya iso. Akawu, tikitin jirgi ka sayar ko allura? Ƙafar nan ta fi ka sanin kwalba. Yau in na kama ta sai ta yi laushi."

"Kumfa, wannan ba irin ta kullum ba ce. Ɗaya ce, da zafi, kuma da safe muke."

"To, ɗayar ta yi hankali ke nan, saura wannan."

Aka yi dariya. Ana cikin haka Manaja ya shigo da makullan mota a hannu. Na yi masa bayani a tsanake, kamar yadda aka koya mana yi wa na gaba bayani, ko da yake sa'an ɗana ne. Ya saurara yana duba tarin rigunan da ke jiran guga. Ya ce otal na da babban taro, baƙi na jiran kayansu, a bari a fitar da wannan aikin, gobe sai Baba ya je duk inda zai je.

"Goben ce nake tsoro," na ce.

"Haba Baba, ƙafa ce fa. Ai da hannu ake guga."

Ban taɓa marin mutum ba a rayuwata, amma ranar na ji tafin hannuna yana motsi. Na juya wurin Reza. Ya daɗe yana kallon wandona mai kari biyu, sannan ya ce zai je, amma sai da Gwamnati, domin in ya taka asibiti ba da saninta ba gara kada ya dawo gida. Na ce zan ɗauko ta in zo da tasi. Kafin in fita na tsaya gaban Kumfa na ce masa, don girman Allah kada kowa ya taɓa ƙafar nan. Ya ce ya ji.

Lungun gidan wankin matsattse ne, masu tasi ba sa son shigarsa, sai da na sha fama na sami wanda ya yarda. Na biya gidan Reza. Gwamnati ta saka mayafi tana faɗa, ta ce za ta bi mu ne kawai don ta tabbata ba a soka masa komai ba. Muka iso.

Tun daga ƙofa na ji nishi. Reza na kwance rub da ciki a kan ƙunshin zannuwan gado, ya cusa tawul a baki. Kumfa ya durƙusa a kansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya dafe koriyar kwalbar da hannu biyu yana murzawa da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi. Manaja na tsaye yana duba agogo. Daga baya na ji yadda aka yi. Ina fita Manaja ya ce wa Kumfa, yi masa abin nan naku ya tashi, kafin tsohon nan ya dawo ya ɗauke mana shi. Hutun da ya yi shekaru yana datsewa, ranar da kansa ya ba da shi tun rana ba ta take ba.

"Akawu, zo ka taɓa," in ji Kumfa yana haki, fuskarsa cike da murna. "Akwai wani tauri a ciki kamar igiya. Na kusa fasa shi."

Na fizge kwalbar. Ba na jin haushin Kumfa kamar yadda nake jin na Manaja. Shi abin da ya sani ke nan, da shi ya yi wa amininsa hidima tun suna samari, kuma da za a ce ya ba da tasa ƙafar da ya bayar.

Reza ya miƙe da ƙyar, ya ce ta ɗan saki. Ya ce in bar shi ya ƙarasa rigar da ke kan tebur, ba ya barin riga a rabi. Ya ɗauki dutse, ya bi kwala sau ɗaya. Sai ya saki dutsen a kife a kan rigar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya dafe ƙirji. Numfashinsa ya koma gajere, sama-sama, kamar wanda ya yi gudu. Gumi ya keto masa, leɓensa ya yi toka-toka, ya yi tari ya durƙushe. Ƙaurin ƙuna ya tashi. Manaja ya yi tsalle ya ɗauke dutsen, kuma wannan daidai ne. Amma da muka ciccibi Reza ni da Kumfa da mai tasi za mu fita, na waiwaya na gan shi ya ɗaga rigar yana duba ƙunar a hasken taga.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wata likita matashiya mai saurin hannu. Ta sa masa abin shaƙar iska a fuska, ta dubi ƙafar, ta yi mini tambayoyi kaɗan, da ta ji batun tafiyar mota sai ta gyaɗa kai. Ta ce za a yi hoto a tabbatar, amma ba za ta jira hoto ba, yanzu za a fara ba shi maganin tsinka jini. Nas ta zo da allura a faranti. Gwamnati ta yi kukan kura ta faɗa kan mijinta, ta baje hannuwa.

"Ba mai soka masa! Jininsa ba ya shiri da allura, kowa ya sani. Ku ba shi na sha."

"Mama, wace allura ce ta taɓa ba shi matsala?" in ji likita.

"Allura dai! Duk ɗaya ce."

Na ce penisilin ce, ina wurin aka yi. Gwamnati ta juyo kaina kamar za ta cinye ni.

"Kai rufe mini baki! Wancan karon ma wa ya kai shi? Kai ne. Yau ma ka kawo shi a ƙarasa."

Likita ta ce wannan magani dabam ne, ba danginsu ɗaya da penisilin ba, kuma kowane jinkiri gudan jinin ƙaruwa yake yi. Gwamnati ba ta motsa ba. Ta riƙe rantsuwar nan tun tana amarya, da ita ta tsare mijinta a ganinta, ba za ta sake ta don maganar yarinya sa'ar 'yarta ba. Nas ta tsaya da faranti. Ina jin numfashin Reza yana ƙara gajarta, ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa ba ya cika.

Sai ya ɗaga hannu ya janye abin da ke fuskarsa. Kalma ɗaya-ɗaya take fita.

"Penisilin. Ita kaɗai ce. Sauran... ba ruwansu da ni."

Maganar Sista ce, ko kalma bai manta ba. Gwamnati ta ɗago a hankali ta dube shi.

"Ka sani? Malam, duk shekarun nan ka sani, ka bar ni ina faɗa da duniya?"

Ya lumshe ido alamar e. Ta ja da baya, ta gyara mayafinta, hawaye na zuba.

"Yi masa, 'yata. In ya tashi ni zan kashe shi da hannuna."

Aka yi masa. Ya daɗe a gadon asibiti, kwanakin farko ba mu san inda abin zai faɗi ba. Hoto ya nuna gudan jini a jijiyar ƙafar, ya nuna wani yanki a huhu. Likitar ta gaya mana maganin ba ya narkar da gudan nan take. Hana shi girma yake yi, ya hana wani sabo, jiki kuma ya ci gaba da cinye tsohon a hankali. Kumfa, wanda ya kasa cin abinci tun ranar, ya tare ta a baranda ya tambaye ta ko shi ya jawo. Ta ce ba za ta rantse kwalba ce ta ɓalle shi ba, domin yakan ɓalle da kansa, amma saboda wannan tsoron ne suke hana tausar ƙafar da ta kumbura ita kaɗai da zafi. Ta ce abin da ya fi ba ta takaici kwanakin da aka ɓata ana shafa mai.

Da ya fara zama a bakin gado na tambaye shi don me ya bar ƙaryar nan ta yi ta yawo.

"In an ce jinina ba ya son asibiti, ba mai tura ni asibiti, aikina ba ya tsayawa," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Akawu, kai a benci kake zaune ranar. Ba ka san yadda maƙogwaro yake rufewa ba."



Ya fito da ransa. Yana shan ƙwayar tsinka jini kullum, yana saka wata doguwar safa mai matsewa, ɗan ƙaramin bugu sai wurin ya yi baƙi, in ya yanke wajen aski jinin ya daɗe bai tsaya ba. Ƙafar hagun ba ta koma daidai da 'yar'uwarta ba, matakala kuma tana sa shi haki. Likita ta ce zai iya aikinsa in ya sami doguwar kujera, ya riƙa tashi yana takawa, ya riƙa ɗaga ƙafar. Na san abin da ya ci masa kafin ya yarda, amma ya saka rigarsa mai kyau ya je wurin Manaja da kansa ya nemi kujera. Kumfa ne ya ba ni labarin amsar.

"Baba, ai kai ka koya mana mai guga ba ya zama. In na ba ka, kowa sai ya nema."

Mutumin da ya tsaya a teburin nan tun kafin a haifi Manaja, wanda sunansa ya kawo wa gidan rabin masu kawo kaya, kujerar katako aka hana shi. Yanzu kuma ana cewa tsufa ne.

A barandar gidansa yake guga yanzu, yana yi wa tsofaffin da suka biyo shi irina. Kafinta ya yi masa doguwar kujera da ɗan akwatin ɗora ƙafa. Koriyar kwalbar tana wurinsa. Kumfa ne ya ɗauko ta daga gidan wankin ya kawo, ya ajiye a kan tebur, Gwamnati kuma ta huda murfin da ƙusa ta ce a riƙa yayyafa wa tufa ruwa da ita. Ita ke tsaron dokar likita, kuma ta fi likitar tsanani. Daga cikin gida za ka ji muryarta.

"Malam, ka daɗe a zaune, tashi ka taka!"

In ya taka ya dawo ya manta ya ci gaba a tsaye, sai ta sake ɗaga murya.

"Wa ya ce ka tsaya? Zauna!"

"Ka ji ko, Akawu? A da Manaja ɗaya gare ni."

Akwai gajeriyar hanya daga gidana zuwa nasa, amma ta gaban gidan wankin nake bi da ƙunshin kayana a hammata, a hankali, yadda za a gan ni. Kwanan baya Manaja ya fito ya ce, Baba, shiru ba ka kawo mana aiki. Na ce masa ai da hannu ake guga, hannun kuwa ya bar gidanka. Na wuce.

Na tarar da Reza a kan kujerarsa yana tsaki, wai nauyi ba ya sauka daga zaune, aikin duk shafa ne. Ya miƙo mini wandona. Na warware shi a gabansa, na ɗaga a haske na duba daga ƙugu har ƙasa. Kari ɗaya ne.